Wai ina ake so mutanen Goma su tafi?

Duk lokacin da aka nuna hoton birnin Goma na ƙasar Kwango, gidajen katako masu rufin kwano zaune a kan baƙin dutse, ga tsaunin Nyiragongo mai aman wuta can a bayansu yana hayaƙi, sai ka ji mutane na tambaya wai su waɗannan me ya zaunar da su a wajen. Wasu ma har da faɗa, wai wanda ya ga wuta da idonsa ya dawo ya kafa gida a inda ta bi ai shi ya jawo wa kansa. Ni kam wannan magana tana min ciwo, don mai yin ta bai tsaya ya duba abin da ke rage wa mutum a hannu bayan dutse ya yi amansa ya lafa ba.

Ranar Asabar 22 ga Mayu 2021 da magariba sararin Goma, babban birnin lardin Kivu ta Arewa a gabashin Kwango, ya yi jajawur. Tsaunin ya tsage ta gefe, narkakken dutse ya kwararo ya bi ta ƙauyukan arewacin birnin, ya datse hanyar Rutshuru, ya cinye gidaje sama da 3,000, sannan ya tsaya a Buhene dab da shiga gari. Mutum 32 aƙalla suka rasu, da yawansu ma ba wutar ce ta ci su ba, haɗarin mota ne a wajen gudu da kuma iska mai guba. Bayan nan ƙasa ta yi ta girgiza kwana da kwanaki, bango na tsagewa, titi na darewa, har ranar 27 ga wata gwamnan soja na lardin, Janar Constant Ndima, ya ce a fice daga unguwanni 10 cikin 18 na birnin. Kusan mutum 400,000 suka kama hanya, wasu suka tsallaka Ruwanda, da yawa suka nufi Sake, ƙaramin gari da ko mutanensa ruwan sha bai ishe su ba kuma dama an san shi da kwalara. A coci aka kwana, a ajin makaranta, a bakin titi. Ba a yi sati biyu ba aka ce su fara komawa, suka koma.

To daga nan ne wahalar ta fara, daidai lokacin da 'yan jarida suka tattara kyamarorinsu. Idan ambaliya ce, ruwa zai janye, ka tarar da filinka ko da laka ta rufe shi, ka san daga nan zuwa nan naka ne. Aman dutse ba ya janyewa. Gonar da ake noma wake da dankali da ayaba ta koma fako baƙi ƙirin mai kaifi da ko takalmi yagawa yake, kuma kafin ya ruɓe ya zama ƙasar noma wanda ya shuka gonar ya daɗe a kabari. Bishiyar da ake kafa shaida da ita a kan iyaka ta ƙone, maƙwabcin da zai ce e nan ne naka shi ma yana can wani sansani, kaburburan iyaye na ƙarƙashin dutse, mutumin ƙauye kuwa ba kasafai yake da takardar fili ba balle ya kai ta ofis. Kenan wanda aka ba shi tanti da buhun gari an taimake shi na wata ɗaya ne kawai, abin da ya rasa shi ne inda zai ce nan ne nawa da kuma abin da zai riƙa ci da shi.

Mutanen Goma sun san wannan tun kafin 2021. Ranar 17 ga Janairu 2002 narkakken dutsen ya ratsa tsakiyar birnin ya raba shi biyu har ya faɗa tafkin Kivu, ya binne wani ɓangare na titin saukar jirage wanda aka haura shekara 10 ana fama kafin a gyara, mutum wajen 120,000 suka rasa muhalli. Dubban ɗaruruwa suka gudu Gisenyi a Ruwanda, amma cikin 'yan kwanaki suka juyo, wasu a kan dutsen da bai gama hucewa ba suka tako da ƙafa, aka yi ta roƙonsu su zauna a sansani suka ƙi. Mai kallo daga nesa zai ce taurin kai ne. Amma fa waɗannan su ne mutanen da a 1994 suka ga 'yan gudun hijirar Ruwanda sun cika garinsu, suka ga kwalara ta kashe dubun dubata cikin 'yan makonni, sun san me ake nufi da sansani fiye da duk wanda ke ba su shawara. Suka dawo suka fasa dutsen da guduma, suka yi harsashin gini da shi, suka yi katanga, suka sayar da shi a tifa, masu chukudu, wato keken katakon nan da aka san Goma da shi, suka ci gaba da dakon kaya a kansa. Akwai gine-ginen da hawa na ƙasa ya nutse cikin dutsen aka ci gaba da zama a na sama.

Sannan a buɗe taswira a duba mana. Kudu tafki ne. Gabas iyakar Ruwanda ce. Arewa tsaunin ne da gandun dajin Virunga inda doka ta hana noma. Hanyoyin da suka rage kuwa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai sun shekara da shekaru suna kai-komo a kansu, kuma daga 2022 da yaƙin 'yan tawayen M23 ya sake zafi sai ga wasu dubban suna kwararowa Kanyaruchinya, yankin da waɗanda dutse ya kora ke fakewa, wato masu gudun bindiga suka tarar da masu gudun wuta ba su gama tsayawa da ƙafarsu ba. A Janairun 2025 M23 ta kama birnin kansa. Mutumin da ke tsakanin waɗannan, da ka ce masa ya tashi, dole ka faɗa masa ina.

Kada a ce talauci ne kawai ko rashin gwamnati. A shekarar 2021 ɗin dai dutsen Cumbre Vieja a tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya ya yi amai na kwana 85, aka kwashe mutum wajen 7,000 cikin tsari, ƙauyen Todoque ya shafe gaba ɗaya har da cocinsa. Ƙasa mai kuɗi ce, ga inshora ga Tarayyar Turai, amma duk da haka iyalai sun daɗe a gidajen kwantena suna jiran fili, garin Puerto Naos kuma ya fi shekara biyu a rufe saboda iska mai guba da ke fitowa daga ƙasa. In har a can abin ya ɗauki shekaru, to me ake tsammani a Buhene?

Ban ce babu haɗari ba, akwai, kuma babba. Birnin ya ninka abin da yake a 2002. Akwai kwaruruka da iskar kabon ke taruwa a ciki, mutanen wajen na kiranta mazuku, ba ta da launi ba ta da wari, yaro ko akuya in suka shiga sai gawa. Tafkin Kivu kansa cike yake da iskar gas a ƙasansa, kuma an ga yadda ƙaramin tafkin Nyos ya amayar da tasa iskar a Kamaru a 1986 inda mutum sama da 1,700 suka mutu a dare ɗaya. Saboda haka masu cewa a sauya wa garin wuri ba shirme suke ba. Matsalata da su ita ce magana ce mai daɗin faɗa da ba ta cin ko sisi, an yi ta bayan 2021, garin na nan inda yake, kuma tana ɗauke hankali daga ƙananan abubuwan da za a iya yi yau.

Dubi cibiyar sa ido kan duwatsu masu aman wuta ta Goma. Tallafin Bankin Duniya da take dogaro da shi ya tsaya a 2020 cikin zargin almundahana, masanan suka yi watanni ba intanet ɗin da za su karɓi bayanan na'urorinsu, kuɗin man zuwa duba tsaunin ma ya zama aiki. Wannan abin kunya ne ga duk mai hannu a ciki. Sai dai adalci ne a faɗa cewa binciken da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna alamun aman na 2021 ba su kai minti 40 kafin faruwarsa ba, kenan ko da na'urorin na aiki sarai, lokacin da za a samu kaɗan ne ƙwarai. Ni a wajena wannan ƙarin hujja ce. In minti 40 gare ka, abin da zai cece ka shi ne jiniya mai aiki, da hanyar fita fiye da ɗaya, da yaran makaranta da aka koya wa inda za su haɗu da iyayensu, don a daren UNICEF ta ce yara sama da 150 sun rabu da danginsu. Sai rijiyoyin burtsatse da banɗakuna a Sake tun kafin a buƙace su.

Waɗanda gonakinsu suka zama dutse kuma a ba su fili da takarda a hannu a wajen da ba hanyar wutar ba, sai a samu bakin hana gini a kan tsagar tsaunin. Duk wanda ke riƙe da Goma a yau, da duk mai ba da agaji a can, wannan na wuyansa, kuma albashin masanan cibiyar nan bai kamata ya jira a gama yaƙi ba. Tsaunin ya yi amai a 1977, ya yi a 2002, ya yi a 2021, kuma 'yan watanni bayan na ƙarshen narkakken dutse ya sake bayyana a cikin raminsa.