Mutanen bakin gulbi da ba mu taɓa ce ma sannu ba

Jama'a assalamu alaikum. Shekaranjiya na dawo daga ta'aziyyar dattijon da ya koya mani iyo, Allah ya jiƙanshi ya sa ya huta, kuma tun a mota maganar nan take cin raina, na ce sai na rubuta ko da mutum goma ne za su karanta.

Mu dai Baba muke ce mashi, mu duka yaran unguwa. Basarke ne, kamun kifi ne sana'arshi, kullum da hantsi za ka same shi gindin itace kusa da mashaya yana gyaran homa, ido ɗaya ga zare ido ɗaya ga ruwa. Ina ɗan shekara 8 ya fara sa ni ruwa. Har yau ina jin tafin hannunshi mai kaushi a ƙarƙashin cikina, ruwa iya ƙirjinshi, ni kuma ina ta buge-buge ina shan ruwa ina tari, shi ko sai ya ce "ɗana ba a kokawa da ruwa, kwanta mashi, shi zai ɗauke ka." Kwana uku muna haka, rana ta huɗu ina cikin buga ƙafa na waiga sai na hange shi can baya ya naɗe hannuwa yana dariya, ashe tuni ya zare hannunshi ban sani ba. Bayan iyo ya koya mamu karatun ruwa, inda ka ga saman ya yi lumui yana ɗan juyi to nan rami ne kar ka kusance shi, in damina ta zauna gulbi ya canja launi to ba gulbin da ka sani da rani ba ne, in abokinka na nutsewa kar ka je mashi ta gaba don zai rungume ka ku tafi tare, miƙa mashi sanda ko igiya ko ka tura mashi gora. Yaran da sunka bi ta hannunshi wallahi ba zan iya ƙirga su ba, kuma ko sisi bai taɓa karɓa ba, in uwar yaro ta aiko mashi da fura ya sha ya sa albarka shi ke nan.

A wurin ta'aziyya an yi ta faɗin alherinshi, mai zumunci ne, ba ya fashin jam'i, duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya ce wanga mutum ya shekara fiye da talatin yana gadin ran 'ya'yanmu kyauta. Ni kaina ban taɓa zuwa takanas na ce mashi Baba na gode ba, kuma abin ya tsaya mani a zuciya, ga shi Annabi (SAW) ya ce wanda bai gode ma mutane ba bai gode ma Allah ba.

Mu 'yan Kebbi muna alfahari da ruwa, kuma da hujjarmu. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake lissafinshi, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Duniya hoton Matan Fada, gulbin da ake kamun kifin, ta sani, dubban mutane da homa da gora sun ruga cikin ruwa lokaci guda, amma wanda ya san biki ya san akwai Kabanci, tseren iyo, tseren kwale-kwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, nutso a ga wa zai fi daɗewa. Yawuri ma ga nasu bikin ruwa, Rigata. To tambayata, waɗanga gwanaye da muke tafa mawa, wa ya koya masu? Wace makaranta sunka yi? Wane koci gwamnati ta ɗauka masu? Kowanensu in ka bi salsala za ka iske wani kawu ko wani maƙwabci ko wani Baba irin namu da ya tsaya cikin ruwa da hannu a ƙarƙashin cikin yaro. Bikin ya tsaya bayan 2009 sai 2020 anka dawo da shi, shekara goma cur ba a yi ba, amma da anka dawo ba a rasa masu iyo ba, don su waɗanga mutane ba su taɓa tsayawa ba, da biki da ba biki suna bakin ruwa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata shekara an shirya 'yar gasar iyo ta matasa a wani gari bakin gulbi, ba zan faɗi sunan garin ba don ba tonon asiri na zo yi ba. An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan baƙi na cikin inuwa. Mutum huɗu ne cikin kwale-kwale biyu suna bin masu tsere gefe da gefe tun hantsi har la'asar, rana na dukansu, ba hula ba rigar ruwa mai hana nutsewa. Ana zagaye na uku wani yaro ƙafa ta riƙe mashi a tsakiya, mu da ke bakin gaɓa ba mu ma lura ba, tafi muke ta yi ma na gaba, sai dai munka ga ɗaya daga cikin mutanen nan ya faɗa ruwa da rigarshi, ya zagaya ta bayan yaron ya tallabo haɓarshi ya jawo shi har jikin jirgi. Duka abin bai kai minti biyu ba. Da anka zo rabon kyauta mai gabatarwa ya kwashe kusan rabin awa yana kiran sunayen manya da saraututtukansu, na ɗaya ya samu keke, na biyu rediyo, na uku shadda, an yi hotuna an watse. Mutanen nan huɗu fiya wata anka miƙa masu, sunka ɗaure jiragensu sunka tafi gida. Na bi wanda ya yi ceton na ce kawu sannu da aiki, ya ce "a'a ɗana ba komai, ai don Allah ne." Na san don Allah ya yi, ladarshi na wurin Allah, amma mu da anka yi ma aikin ai akwai namu haƙƙin da ba mu sauke ba.

Kuma wanga na wasa ne. Ku tuna Mayun 2021 da jirgin ruwa ya taso daga ɓangaren jihar Neja zai zo Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya rabe a tsakiyar gulbin Kwara, mutum sama da 150 a ciki, waɗanda anka fidda da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Ku tuna Gummi ta Zamfara a Satumban 2024, manoma za su ƙetare zuwa gonakinsu kwale-kwale ya kife da gomman mutane. A irin wagga rana su wa ke fara shiga ruwa? Masunta da matuƙa jirgi da matasan gari da sunka iya nutso, don su ke kusa, kafin labari ya kai birni su sun riga sun jiƙe. Su ne kuma ke kwana da kwanaki suna nutso suna lalubo gawa don iyalai su samu abin da za su yi ma sutura. Ka yi tunanin mutumin da ya fiddo gawar ƙaramin yaro da hannunshi, ya koma ya fiddo ta uwar, da dare ya je ya kwanta, wa ke tambayarshi ya ya kwana? A labarai sai ka ji an ce "masu aikin ceto", kalma uku ta haɗiye su duka, ba suna ba hoto.

Na san a Zamfara in an ce 'yan sa-kai wani abu daban ke zo ma mutane a rai, ni masu aikin sa kai na ruwa nake nufi, masu aikin gayya, waɗanda ba wanda ya ɗauke su aiki kuma ba wanda ke biyansu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 kaɗai kusan mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in an auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ya fi ko'ina. A 2021 ɗin ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa wanga aiki da 'yan sa kai yake tsayawa. A Ingila ƙungiyar jiragen ceto ta RNLI tun 1824 take, kuma mafi yawan masu fita teku da dare ba albashi suke ci ba, amma ana horar da su, ana ba su kayan aiki, ana ba su lambar yabo, garinsu ya san su. Wanda ya fi kama da mu shi ne Bangaladash, talakawa ne kamarmu ruwa ko'ina kamarmu, sai sunka riƙa kafa shinge da dakali na sandunan gora cikin kududdufin ƙauye, a horar da matasan ƙauyen maza da mata su koya ma yara iyo da yadda za su ceci wani daga bakin gaɓa. Ba wani tafkin siminti ba ne mai tayil, kududdufi ne irin wanda ke bayan gidanku.

Akwai ma Eric Moussambani na ƙasar Ikwatoriyal Gini da ya je gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52, shi kaɗai a ruwa, da ƙyar ya kai amma duk filin ya miƙe yana tafa mashi. Ba shi da koci a gida, shi da bakinshi ya faɗi cewa masunta ne ke nuna mashi yadda zai buga ƙafa. Daga baya ya zama kocin ƙasarsu. Sunanshi duniya ta riƙe, na masuntan ko ɗaya ba a sani ba, kuma duk sanda na tuna wanga labari Baba nake tunawa.

Wani zai ce ai gadonsu ne, Basarke da ruwa sai Allah, mi za a gode ma kifi don ya yi iyo. To gadon nan yana ƙarewa muna kallo. 'Ya'yansu da yawa sun koma kabu-kabu da cirani, kuma ban ga laifinsu ba, yaro ya tashi ya ga ubanshi ya ceci rai ya fi a ƙirga amma ko sannu ba a ce mashi ba, don mi zai zauna bakin mashaya? Iyaye kuma na hana yara zuwa gulbi saboda tsoron nutsewa da tsargiya, tsoron na da dalili, amma yaron da anka hana koyo gobe shi ne zai shiga kwale-kwale zuwa gona ko kasuwa ko makaranta, ranar da jirgi ya kife hanin ba ya fisshe shi. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a koya ma yara iyo da harbi da hawan doki, iyo ne farko a jerin. Kuma abin da ya fi damuna 'yan mata, don duk hatsarin jirgi in ka duba za ka iske mata da yara da yawa cikin waɗanda sunka rasu, su ne ba a koya mawa. A garuruwan bakin ruwa akwai mata da sunka iya iyo ƙwarai, da za a girmama su a keɓe masu wuri da lokaci su koya ma 'yan mata cikin sutura da mutunci, da an rage kuka da yawa.

Karramawar da nake nufi ba wani abu ne mai tsada ba. A duk gasar ruwa, ƙarama ko babba, kafin a kira na ɗaya a kira masu gadin ruwa da sunansu su fito gaban jama'a. Masarautunmu na da Sarkin Ruwa, sun san kowa a bakin gulbi, su tattara sunayen masu koya ma yara da masu ceto a kowace gunduma, a ba su takardar yabo da hannun sarki, wanda ya san mutanenmu ya san takardar da sarki ya miƙa ta fi kuɗi daraja, jikoki ma sai sun nuna ta. Gidajen rediyo su kira su hira. Limamai su ambace su a huɗuba, ai Alƙur'ani ya ce wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Sannan a haɗa yabon da kayan aiki, rigar ruwa, igiya mai kyau, tocilan, da horon taimakon gaggawa irin wanda Red Cross ke bayarwa, don har yau wasu in sun fiddo mutum sai su juya shi kai ƙasa ko su yi ta danna mashi ciki wai ruwa ya fita, alhali in ba ya numfashi abin da yake buƙata a hura mashi iska a baki a danna ƙirji, dannawa 30 hurawa 2, ana yi ana nema mashi asibiti. Mutumin da ya iya fiddo ka daga ƙasan gulbi wanga ba zai yi mashi wuyar koyo ba, wuni ɗaya ya isa. In kuma ɗayansu ya ji ciwo ko ya rasu wurin ceto, iyalinshi su zama amanar gari.

Da za mu baro gidan Baba na ga gorarshi rataye a zaure, igiyar ta yi baƙi don daɗewa, na tambayi babban ɗanshi wa ke zama mashaya yanzu, ya ce akwai wani ƙanensu da ke leƙawa in ya samu sarari. Na karɓi lambarshi. Ni da abokaina huɗu da Baba ya koya mawa mun yi magana jiya da dare, za mu haɗa kuɗi mu sayi rigar ruwa biyar da igiya, ranar 25 ga Yuli mu kai mashi bakin mashaya gaban mai unguwa da yaran da yake koya mawa. Duk wanda ya bi ta hannun Baba kuma yake son sa hannu ya neme ni ta inbos kafin ƙarshen wata.