Dujiangyan: Yashe ne ya raya shi, ba falsafa kaɗai ba

A shekarar 2000 UNESCO ta haɗa tsaunin Qingcheng da tsarin ban ruwa na Dujiangyan, duka a lardin Sichuan na ƙasar Sin, ta sanya su tare cikin jerin kayan tarihi na duniya. Labarin da ake yawan bai wa baƙi shi ne, hikimar Tao, tsohuwar falsafa kuma addinin Sinawa, ta barin ruwa ya bi hanyarsa ce ta haifi aikin. Akwai ƙamshin gaskiya, domin tunanin Laozi, wanda ake danganta wa asalin falsafar Tao, ya girmi aikin. Amma Li Bing, gwamnan Shu (yankin Sichuan na yanzu) a ƙarƙashin masarautar Qin, ya fara shi wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Zhang Daoling kuwa bai kafa ɗariƙarsa ta addinin Tao a tsaunin Qingcheng ba sai shekara ta 142 miladiyya. Kusan shekara 400 ke nan tsakani.

Li Bing bai datse kogin Min ba, raba shi ya yi. Wani tudu mai siffar bakin kifi ne ke tsaga ruwan gida biyu, rafin ciki da na waje: da rani kashi 60 cikin ɗari na bin rafin ciki zuwa gonakin Chengdu, babban birnin Sichuan, da damina lissafin ya juya. Wata gajeriyar katanga ke amayar da rarar ruwa da yashi, sannan ga ƙofar da aka fasa a jikin dutse, ta hanyar hura masa wuta a kwara masa ruwan sanyi har ya tsage.

Duk da haka, a ganina, gadon gaskiya shi ne yashe. Duk shekara da rani ana kwashe yashin da ya taru har sai an tarar da alamar da aka binne a ƙasan rafin, bisa ƙa'idar da aka gada: a zurfafa rafi, a bar katanga gajeriya. Sarauta ta sha sauya hannu, aikin bai mutu ba. Manomin Haɗeja da ciyawar kachala ta toshe wa hanyar ruwa ya san abin da rashin wannan ke jawowa.

Girgizar ƙasar Wenchuan ta 12 ga Mayu, 2008 ta rusa sassan haikalin Erwang, inda ake girmama Li Bing, ta kuma tsattsaga bakin kifin. Haikalin sai da aka sake gina shi. Ruwan kuwa bai fasa isa gonaki ba.