Wai wace bindiga zan ɗauka

Akwai wani shagon littattafan zane kusa da wurin aikina a nan Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka. Duk ranar Laraba, ranar da sababbin fitowa ke isowa, za ka tarar da ƙarti masu gemu sun cika shi suna musu kamar 'yan teburin mai shayi. A nan na fara sayen The Walking Dead, labarin da Robert Kirkman ya soma a 2003, Charlie Adlard ya zana mafi yawansa, baƙi da fari. Duniya ta watse, gawawwaki na tashi suna cin masu rai, wani ɗan sanda Rick Grimes ya farfaɗo daga dogon suma a asibiti, ya nufo garin nan neman matarsa da ɗansa.

Labarin ya ja ni, amma masu karatunsa sun fi ba ni mamaki.

A 2012 aka yi fitowa ta 100, inda wani mugu Negan ya fasa kan Glenn, abokin tafiyar Rick, da sandar da ya nannaɗe da waya mai ƙaya. Ranar shagon kamar gidan makoki. Wani ya rantse ya bar karatun har abada, wata na zagayowa na same shi a gabana cikin layi. A watan Yulin 2019 kuma Kirkman ya rufe labarin kwatsam a fitowa ta 193, bayan an tallata bangon fitowa ta 194 da ta 195 na bogi don kada a gane. Wasu suka ce yaudara ce, wasu suka sara masa.

Wannan duk ban ga baƙon abu ba. Duk wanda ke zauren karatun littattafai a WhatsApp ya san abin da ke biyo baya idan marubuciya ta kashe amarya ana saura shafi uku. Allah ya isa kuɗin data, wallahi Anti ba ki kyauta ba, gobe kuma da sassafe ana jiran ci gaba. Halin mai karatu ɗaya ne, a Kano ko a Jojiya.

Inda muka raba hanya shi ne wata tambaya da suke ji da ita a nan. Idan abin ya faru da gaske, wane makami za ka ɗauka, ina za ka ɓuya? Suna yinta da annashuwa, ido na ƙyalli. Wannan ya ce gatari ya fi, ba ya ƙarewa kamar harsashi. Wancan ya ce gidan yari zai kama, kamar yadda su Rick suka yi. Da suka juyo kaina sai na yi murmushi kawai, don zuciyata ta riga ta tafi wurin goggona.

A watan Janairun 2015 Boko Haram ta afka wa Baga. Goggo ta fito da ƙafa, goye da jikanta, ta riƙo hannun wata makauniya maƙwabciyarta da ba su haɗa ko dangi ba. Tukunya ɗaya ta ɗauko, ita ma a hanya ta yar saboda nauyi. A Maiduguri wani bawan Allah da bai taɓa ganinsu ba ya kwashe kayan zaurensa ya ba su. Har yau idan tana ba da labarin, lissafinta na mutane ne: wa aka fito da shi, wa aka bari, wa aka binne ba sutura.

Ni ina ganin wanda bai taɓa gudu da kaya a ka ba shi ke iya mayar da rushewar gari abin nishaɗi, kuma ban ga laifinsu ba, zaman lafiya ne ya yi musu haka. Abin da ya ɗan ci min rai shi ne shi kansa littafin ya fi masu karatunsa hankali. Kirkman bai taɓa faɗin abin da ya kawo annobar a cikin littafin ba, sun yi ta damunsa ya ƙi, kuma ƙarshen labarin kan sake gina gari ne da kotu da gonaki. Su kuwa gatari suke tunawa.

Da na je gida na nuna wa goggo wani shafi. Ta daɗe tana kallon jerin mutanen da aka zana a kan titi, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina tsofaffinsu?"