Injin Amarya Ya Nufi Ɗakin Uwargida

A wani ƙauye a ƙasar Ringim, Alhaji ya sayar da riɗinsa, ya shiga Kano, ya sayo tsohon injin wanki na gwanjo mai tukunya biyu a Sabon Gari. Ranar da aka fara tayar masa da janareto, sai ga Uwargida a zaure, mayafi a hannu.

Uwargida: Alhaji, taso ka ga abin da ka kawo mana. Tafiya yake yi!

Alhaji: Wa?

Uwargida: Injin amaryarka. Tun daga gindin darbejiya yake tsalle, kuma duk faɗin tsakar gidan nan bai ga inda zai nufa ba sai ƙofar ɗakina.

Amarya: Wallahi Yaya, ni kaya kawai na zuba na murɗa.

Uwargida: Ai ban ce da hannu kika turo shi ba.

Alhaji ya aika a kira Malam. Don kada a yi biyu babu, ya sa a biya bakin tasha a taho da Injiniya mai gyaran fanka.

Malam: To, da me ya fara?

Amarya: Allah gafarta Malam, da na kunna sai ya tsaya yana gurnani, ya ƙi juyawa. Sai da na sa muciya na tura faifan da ke ƙasan tukunyar sannan ya tashi.

Injiniya: Kondensa ce ta mutu. Ita ke ba kwayil ƙarfin tashin farko. In babu ita, sai an tura.

Malam: Ta mutu, kuma tana gurnani. Alhaji, ka dai ji da kunnenka.

Uwargida: Kuma ya juya dama, ya yi shiru, ya juya hagu. Wa yake nema?

Injiniya: Hajiya, haka aka ƙera shi, don kada kaya su nannaɗe. Wannan abin murɗawar agogo ne na minti 15, shi ke ba shi umarni. Ku dubi sunan ma, National. Kamfanin tun 2008 ya koma Panasonic. Injin nan zai iya girmar Amarya.

Malam: Tsoho ne ke nan. Tsofaffinsu sun fi taurin kai.

Alhaji: Ni tafiyar ce ta dame ni.

Injiniya ya ɗaga murfin ƙaramar tukunya, wadda ke matse ruwa, ta ci birki ta tsaya. Ya zaro babbar rigar Alhaji, jiƙe sharkaf, a dunƙule gefe guda.

Injiniya: Ga mai tafiyar. Tukunyar nan tana juyi sama da 1,000 a minti. In nauyi ya taru a gefe ɗaya, dole ta yi ta dukan bango, injin ya yi ta tsalle. Ga ƙafarsa ɗaya babu roba. Tsakar gidan kuma gangare ne, inda ruwan sama ke bi nan zai bi.

Uwargida: Gangaren da nake cewa a cike tun damina uku da suka wuce? Alhaji, kuɗin yashi babu, na inji akwai?

Alhaji: Malam, a yi addu'ar mana.

Malam ya tuɓe takalmi, ya tako jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya dafa jikin ƙarfen zai tofa. Sai ga shi can gefe, hula a ƙasa.

Malam: A'uzubillahi! Ya cije ni!

Injiniya: Wuta ce ta ja ka. Ba a haɗa masa wayar da ake binnewa a ƙasa ba. A kashe janareto, kada kowa ya ƙara taɓa shi.

Garin tsallen, ƙafar Malam ta ture tiyon da ke rataye a jikin injin. Irin wannan injin ba shi da famfon tura ruwa waje, da zarar tiyo ya kwanta ruwa ya samu hanya. Amarya kuwa ta bar makunnin a kan zubarwa. Kumfa ta malalo, ta ɗan gudana, ta tsaya.

Malam: Alhamdulillahi, ya fara fita. Ragowar sai da zakara.

Injiniya: Toshewa ya yi. Bari mu gani.

Ya zura waya a bakin tiyon, ya zaƙulo wani abu mai ƙyalli, ya goge a riga.

Injiniya: Ɗan kunne ne. Sabo fil, har da zaren farashi.

Amarya: Ba nawa ba ne.

Uwargida: Ni ma ba nawa ba ne.

Alhaji: Ai kayan gwanjo ne. Da shi ya zo, na matar Bature ne.

Amarya: Na wanke tukunyar tas kafin in zuba kaya, kuma rigarka kaɗai ce mai aljihu. Yaya, ɗayan fa?

Uwargida: Ƙanwata, miƙo min muciyar nan. Tun da shi ma sai an tura yake tashi.

Malam: Alhaji, zakaran dai, a aiko min da shi gida.