Gaisuwar da ta cinye min minti goma sha huɗu

Tunda bidiyon da aka ɗauke ni ina kwance a bakin hanya ranar gudu ya riga ya zaga, har ƙanwata da ke aure a Marwa ta turo min shi tana tambaya "Yaya, kai ne wannan?", bari in faɗi nawa. Abin da kuka gani wutsiyar labarin ce kawai.

Kun san tun bara nake kokawa in gama rabin gudun fanfalaki ƙasa da awa biyu. Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, kuma iyakar abin da na taɓa yi shi ne awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 40. In ana so a sauko ƙasa da awa 2, dole kowace kilomita a cinye ta cikin minti 5 da daƙiƙa 41. Na rubuta lissafin da biro a bayan hannuna kamar ɗalibi mai satar amsa. Wata uku ina fita gudu da zarar an sallame asuba, na daina ƙarin tuwo da dare, na sayi takalmi a gwanjo sefa dubu goma sha biyu. Sai wandon. Irin mai tsaga a gefe ɗin nan, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Uwargida ta dube shi ta dube ni, ta ce da wannan za ka fita gari? Na ce irinsa ɗan Yugandan nan Kiplimo ya sa a Lisbon a 2021 ya yi minti 57 da daƙiƙa 31. Ta ce, "Shi yana da suruki a Garwa?" Na yi tsaki na fita.

'Yan ƙungiyarmu ta ranar Lahadi ne suka shirya, mu wajen sittin. Daga gaban filin wasa na Rumde Ajiya aka tashi ƙarfe shida, cikin hazon hunturu, a zaga gari, a gangara gadar Binuwai, a tsallaka, a juyo. Komai ya tafi daidai. A kilomita 16 agogona ya nuna awa 1 da minti 30 da daƙiƙa 10, wato ina da rarar daƙiƙa kusan 45 a aljihu, in da wandon yana da aljihu. Har na fara tsara abin da zan rubuta muku da rana.

Na sauko daga gada ke nan, sai na hangi teburin mai shayin nan. A kan bencinsa dattawa biyu. Ɗaya farar shadda, hula zanna, carbi a hannu, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Baba ne. Mahaifin uwargida. Mutumin da shekara tara da aurena bai taɓa ganin ko ƙaurina ba. Ashe motar kayansa yake jira daga hanyar Ngaundere, ranar da Allah ya tashi kama ni.

Jama'a, a tsakanin taku ashirin na yi shawara uku. Ta farko, in kau da kai in wuce kamar ban gani ba. Amma lambar da aka manna min a ƙirji ba ta rufe fuska ba, kuma mai shayin ya riga ya ɗaga ludayi yana cewa "Ga surukinku nan, Alhaji!" Allah ya isa tsakanina da ludayin nan. Ta biyu, in ɗaga hannu daga nesa. Wa? Baba? Sai dai in kwana a masallaci. Ta uku, in durƙusa in yi ina kwana in tashi, daƙiƙa goma, rarata ta biya. Ita na ɗauka. Har na sunkuya zan kwance takalmi, na tuna ƙulli biyu na yi wa igiyar, Baba ya ce, "Bar takalmin, Malam."

Na durƙusa.

"Baba, ina kwananku?"

"Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya mutanen gidan? Ya takwarana? Tarin nasa ya sauka? Ya sanyi? Ya kasuwa?"

Ina amsawa ina haki, zufa tana ɗiga daga haɓata kan ƙasa, hannuwana biyu suna ta jan bakin wandon zuwa gwiwa, shi kuwa wandon ya rantse ba zai sauka ba. Baba bai dube ni ba ko sau ɗaya. Kogi yake kallo. Ni ina kallon ƙasa, shi yana kallon kogi, kunya ta kama mu mu biyu ta riƙe. Ya gama, na ce alhamdulillahi, sai abokin zamansa ya gyara murya ya ɗauko gaisuwar daga farko da Fulatanci. Gida, yara, gajiya, sanyi. Agogo yana ta ƙirga min a tsintsiyar hannu.

Da aka kai ƙarshe, Baba ya yi shiru kaɗan, har yanzu idonsa a kan ruwa, ya ce, "Malam, dorina ce ta biyo ka?"

Na ce a'a Baba, motsa jiki ne. Ya ce, "To. Allah ya sawwaƙe."

Na yunƙura zan tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba. Wanda bai taɓa yin kilomita 16 ya tsaya cak ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashinsa ba, ba zai gane ba. Sharaɓar dama ce ta fara ƙullewa, ta dunƙule kamar an cusa ƙwallon mangwaro a ƙarƙashin fata. Na karkata hagu don in sauke mata nauyi, sai bayan cinyar hagu ita ma ta kama. Na koma na zauna daɓas. Na so in yi salati a hankali irin na manya, amma abin da ya fito daga bakina "Wayyo Inna!" ne. A gaban Baba. Ina da shekara 38.

Na sake gwadawa, na dafa benci, bencin ya ɗaga, kofin abokin Baba ya kife. Daga nan na miƙa wuya na kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a sama. Ku tuna da tsagar wandon. Baba, ba tare da ya juyo ba, ya zare ƙyallen da ke kafaɗarsa ya miƙa wa mai shayi, ya ce, "Rufa masa." Aka lulluɓe ni daga cibiya zuwa gwiwa kamar yaron da aka yi wa kaciya. Mai shayi ya kama tafin ƙafata yana tura yatsun wajen ƙauri, wannan kam ya iya, gaskiya ita ce maganin. Amma sai ya ƙara da nasa ilimin, ya lakato botar biredi ya mulka min a sharaɓa, ya kaɗa gishiri a ruwan ɗumi ya ce in shanye. Masu gudu suna ta wucewa. Har mutumin nan na ƙungiyarmu mai tumbi, wanda na bari tun kilomita 4, ya zo ya wuce yana cewa "Sannu Kiplimo."

To, wanda ya ɗauki bidiyon. Kun san shi, ɗan moton nan, mai babur ɗin haya, mai jar hula da ke tsayawa bakin layinmu. Tun daga kan gada yake bina a hankali yana danna hon, wai "Patoron, hau in ƙarasa da kai, babu mai gani." Wannan yaron tun azumin bara nake binsa sefa dubu uku da ɗari biyar, kuɗin da ya karɓa wai tayarsa ta fashe. Kullum ya gan ni sai ya ce gobe. Mutumin da ba shi da kuɗin biyan bashi yana da kuɗin datar tura bidiyo mai minti huɗu zuwa rukuni bakwai na WhatsApp. Kuma ku saurara da kyau, dariyar da ake ji a bayan hoton tasa ce, har da tari. Da ina kwance bai kawo ko hannu ba, sai da na miƙe ya matso ya ce yanzu kuɗin ya zama ɗari biyar saboda ƙafata da maiƙo za ta ɓata masa kujera. Uwarsa ƙawar gwaggona ce, shi ya sa nake ɗaga masa ƙafa. Na daina. Duk wanda ya gan shi ya gaya masa.

Ban hau ba dai, wannan a rubuta. Na ninke ƙyallen Baba na miƙa da hannu biyu, a tsaye wannan karon, ya ce "A gaida gida." Sauran kilomita biyar ɗin na yi su ne ina ɗingishi, ƙura ta manne a botar har ƙafar dama ta zama kamar an tsoma tsire a ƙuli. Ana ce masa gudun ya-da-ƙanin-wani, ban san ni ne ƙanin ba sai ranar. Na iso filin wasa a awa 2 da minti 17. Tun daren da Tunusiya ta fitar da Najeriya a filin nan a 2022 ban ga an taru ana kallon mutum da tausayi da dariya a haɗe kamar yadda aka tarbe ni ba, don bidiyon ya riga ni isowa.

Bayan la'asar yaron gidan Baba ya yi sallama da leda. Shadda ce yadi biyar, ruwan toka. Saƙon da aka ba shi: a kai wa tela, kuma a ce masa kada ya yi rowar yadi a wando. Uwargida ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, amma ina jin ta.

Telan ya ce sai bayan sati biyu. Sharaɓar har yau in na zo hawa mataki sai ta tuna min. Akwai wani gudun kafin zafi ya shigo, na ce wa shugaba a canja hanya, ya ce zai duba.