Kakana ɗan ƙodago ne, kuma haka za a rubuta

Wallahi tun taron zumuncin ranar Asabar raina bai huce ba. Waɗanda ke wurin sun ji da kunnensu, waɗanda ba su zo ba kuma na san labari ya riga ya iske su. A ce an zauna haɗa littafin tarihin gidanmu, an ba ƙanen kakanmu da ya yi malanta a En'e shafi biyar har da hoto, shi kuwa kakanmu layi biyu kacal. Layi biyun ma ba gaskiya ba, wai "shahararren manomi ne mai gonaki da yawa". Da na ɗaga hannu na ce a gyara, sai wani baffanmu ya ce, "Kai yaro, ɗan ƙodago mai yawon keke wane tarihi gare shi?" Aka yi dariya, aka wuce zancen kuɗin rumfa.

Baffa, Allah ya huci zuciyarka, girmanka na nan a wurina, amma ba ka kyauta ba. Wan mahaifinka ne fa. A gidansa ka sha furarka ta farko da aka yaye ka, Gwaggo ce ta faɗa min.

Kakana ɗan ƙodago ne. Ba shi da gonaki da yawa. 'Yar gonar da ya gada a ƙauyenmu na ƙasar Gaya ba ta kai gidan tsakiyar rani, kafin ruwan shuka ya sauka rumbu ya riga ya yi fayau. Sai ya saɓa fartanya ya tafi gonar masu hali, ya yi musu noman farko da maimai da huɗa, a sallame shi da kwanon dawa ko 'yan sulalla, ya kawo gida a ɗora tukunya. Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane ciwon abin ba: ranakun da ciyawa ke cin gonarka su ne ranakun da kake sunkuye a gonar wani. Kafin ka waiwayi taka ta makara, amfani ya ragu, baɗi ka sake komawa ƙodago tun da wuri. Haka ya yi ta juyawa shekara da shekaru, bai saci damin kowa ba, bai yi bara ba. Wannan ne abin kunyar da za a lulluɓe da "shahararren manomi"?

Kullum muna alfahari da dalar gyaɗa. Muna cewa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, Alhassan Ɗantata ya yi suna har duniya ta san shi. Gaskiya ne. To wa ya tone gyaɗar? Wa ya tsinke ta, ya ɓare, ya sheƙe, ya ɗura a buhu? Hannu irin na kakana ne, hannun da Gwaggo ta ce in ya shafa kanta sai ta ji kamar ɓawon itace. Sunan mai saye ya shiga littafi, na mai tonowa kuma jikokinsa da kansu ke son sharewa.

Aka ce ai babu takarda, da me za a kafa hujja? Shekara biyu nake bin sawun mutumin nan, kuma wanda ya nema yana samu. Na je ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, na ga rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomi: sun ƙirga maza baligai, sun ƙirga awaki da jakuna, sun yanka haraji, sunan talaka ko ɗaya babu. Tun daga nan na gane cewa tarihin irin su kakana a bakin tsofaffi yake da kuma ƙasan adaka. A adakar kakarmu na samu rasit ɗin haraji an naɗe su a tsumma, wasu gara ta ci gefensu, kuma sun tsaya daidai lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979. A ƙarƙashinsu akwai 'yar lambar ƙarfe ta lasin keke, irin wadda En'e ke bayarwa a ɗaura a jikin keke, in ba ka da ita 'yan doka su tare ka. Shekaru kuwa Gwaggo ta ba ni su yadda mutanen da ke lissafi: ya yi aure shekarar da rana ta yi husufi, wato 1947, ya sayi keke bayan zuwan Sarauniyar Ingila, ita kuma ta zo a 1956. Ga hujja nan. Wanda ya ce babu, bai tambaya ba ne.

Keken nan da ake masa gori da shi, shi ne ya fi taɓa min zuciya. Raleigh ne ƙirar Nottingham, na hannu ya saya, bayan ya yi cin rani uku yana ga-ruwa da dako a birni yana tara kwabo da sisi. Mutane na sayen keke don su ɗora kaya su kai kasuwa, shi ma yakan kai kajin maƙwabta kasuwar Wudil ranar Juma'a. Amma shi son hawan yake yi don kansa. Mutumin da ya wuni a sunkuye tun hantsi har la'asar, maimakon ya miƙe a tabarma, sai ya wanke ƙafa, ya ɗaure bakin wandonsa da igiyar rama kada kaca ta kama, ya hau ya bi burtali har sai an kira magariba. Ranar da babu aiki yakan buga sammako ya shiga Kano, ya yi azahar a masallacin birni, ya juyo ya kwana a ɗakinsa, bai sayo komai ba sai goron kakarmu.

Na samu tsoho ɗaya da ya rage cikin waɗanda suka yi tsere da shi. Idonsa ya tafi, amma da na ambaci sunan kakana sai ya gyara zama, ya miƙa hannuwansa biyu gaba kamar ya riƙe kan keke, ya duƙar da kai har gemunsa na taɓa gwiwa, ya ce haka yake kwanciya a kai in an zo gangara. Ya ce kashegarin Sallah, in an gama hawan hakimi, samari kan jeru daga bakin kasuwa zuwa wata tsamiya su dawo, ladan kuwa goro ne da guɗar 'yan mata. Ya ce akwai shekarar da tayarsa ta fashe a hanya, ya cire tif ɗin ya cusa ciyawa da tsumma ya ƙarasa a haka, bai zo na ɗaya ba, amma shi aka ɗaga sama. Tsohon na faɗa yana dariya, hawaye na bin kuncinsa. Ni ma sai da na juya baya.

Da fari ya zo a 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ya sayar da keken ya sayo hatsi. Lambar kawai ya cire ya ba matarsa ajiya. Wasu daga cikin masu dariyar ranar Asabar, da tuwon wannan hatsin iyayensu suka tsallake shekarar. Bai sake mallakar keke ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Masu cewa surukai za su karanta su raina mu, surukin da zai raina ka don kakanka ya ci guminsa, ka bar shi da halinsa. Masu cewa tonon asiri ne, asirin me? Kisan kai ya yi? Tushiya mafarin dawa, kuma tamu tushiyar ke nan. Ko a rubuta "ɗan ƙodago" da keken da tseren da farin, ko a cire sunana daga kwamitin, ni zan buga nawa da kuɗina in raba wa jikoki kyauta.

Af, tunda zancen ya zo nan: na sayi wani tsohon Raleigh a wajen 'yan gwangwan, ƙarfensa lafiya lau, sai dai birkin irin na sanda ne kuma sirdin ya ruɓe. Yaran da ke gyara a unguwarmu duk sun ce ba su iya shi ba. Don Allah wanda ya san dattijon mai gyaran keke a Kano ko Wudil da har yanzu yake taɓa irin waɗannan, ya yi min kwatancen rumfarsa. So nake in ɗaura masa lambar nan kafin Babbar Sallah.