Mun sayi rigarsa, halinsa fa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwana masu kallon ƙwallo, ni ma ɗayanku ne, don haka maganar nan ta cikin gida ce. Bazara ta shigo. Mu nan zafi ya ishe mu, su kuwa can Turai sanyi ya janye, kuma yanzu ne kakar wasa take kaiwa gaɓar da kowa ke jira. Firimiya ta zo gangara, Gasar Zakarun Turai ta shiga sili-ɗaya-ƙwale. Daga Afrilu zuwa Mayu gidajen kallo ba masaka tsinke.

Ku lura da agogo. Da zarar Ingila ta matsar da nata a ƙarshen Maris, lokacinsu da namu sai ya zo ɗaya. Wasan Asabar na ƙarfe biyar da rabi, ana dawowa daga hutun rabin lokaci ladan yake kiran Magariba. Na Zakarun Turai ƙarfe takwas na dare ake take shi, dab da Isha'i. Ba don mu suka tsara ba, amma a kanmu jarrabawar take faɗawa.

Abin mamaki, wasu daga cikin waɗanda muke barin jam'i saboda su, ba su bar ibadarsu saboda mu ba. A Afrilun 2021, cikin Ramadan, Leicester ta karɓi baƙuncin Crystal Palace. Da rana ta faɗi, aka ɗan tsayar da wasa domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté su sha ruwa. Mutum yana gudu a fili da azumi a bakinsa, kai kuma kana zaune a kan benci, janareto na ihu a bayanka, ka kasa miƙewa raka'a uku.

Wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne Sadio Mané. Ɗan ƙauyen Bambali ne a kudancin Senegal. Yana ɗan shekara 7 mahaifinsa ya kwanta rashin lafiya ya rasu, kuma babu asibiti a ƙauyen. Yaron ya girma, ya ci kofin Zakarun Turai da Liverpool a 2019, ya ci Firimiya a 2020, ya buga fanaretin da ya bai wa Senegal kofin Afirka na farko a Fabrairun 2022. Duk wannan mun haddace shi, muna musu a kansa har jijiyar wuya ta tashi. Amma Mané bai manta da abin da ya kashe ubansa ba. Ya gina makarantar sakandare a Bambali, sannan ya gina asibiti, aka buɗe shi a 2021. Uban ya riga ya tafi, ba zai kwanta a gadon asibitin ba, sai dai uban wani yaron zai kwanta. A 2018 kuma an ga hoton bidiyonsa yana taya wanke banɗakin wani masallaci a Liverpool. A cikinmu wa ya taɓa ɗaukar tsintsiya ya nufi banɗakin masallacin unguwarsu, wanda shi ma yake shiga kullum?

Sai Maroko a Gasar Cin Kofin Duniya ta Katar, 2022. Ranar 10 ga Disamba da suka doke Fotugal da ci 1-0, suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe, Sofiane Boufal ya jawo mahaifiyarsa cikin fili, da lulluɓinta, suka taka rawa a gaban duniya. Mun yaɗa hoton, mun rubuta "uwa mai daɗi" a ƙarƙashinsa. Wani ma yana cikin turawa Inna ta ƙwala masa kira ya sayo mata kalanzir, ya ce ta bari a tashi wasa.

Wani mutum ya tambayi Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, wa ya fi cancanta da kyakkyawar mu'amalarsa. Ya ce mahaifiyarka, har sau uku, a na huɗu ya ce mahaifinka. Wani ya zo neman izinin fita jihadi, ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, sai ya mayar da shi ya yi jihadinsa a wajen yi musu hidima. Jihadi fa aka ce, ba wasan Madrid ba. A Suratul Isra'i, aya ta 23, ko "tir" Allah Ya hana a ce musu.

Kada a fahimce ni baibai. Ban ce 'yan wasan nan waliyyai ba ne. Abin da kyamara ta haska kaɗai muka gani, kuma a cikinsu akwai waɗanda labarin gidajensu ba ya daɗin ji. Abin koyinmu na asali sananne ne. Amma tunda dai mun zaɓi mu so su, ya inganta cewa mutum yana tare da wanda yake so, to a tace abin da ake ɗauka. Askin kansa mun kwaikwaya, lambar bayansa mun buga a riga, har sunansa wani ya maye gurbin wanda aka raɗa masa ranar suna. Zumuncin ne kawai ya yi mana nauyi.

Ga caca kuma ta shigo ta waya. Magidanci ya fito da kuɗin cefane, ya zuba a tikiti, wasa ɗaya ya tsinka shi, ya koma gida yana huci a kan matar da ba ta san wa ya buga da wa ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a layi ɗaya, kuma sauya mata suna bai sauya hukuncinta ba.

Ku kuma masu gidajen kallo, da ku nake. Ku tanadi buta da tabarma, a rage murya in an kira salla, mai son tashi a ajiye masa wurinsa. Yaran da ba su wuce shekara goma ba da kuke karɓar kuɗinsu har goman dare, ku tambaye su ko an san da fitowarsu a gida. Wanda ya yi shiru, ku mayar masa da kuɗinsa ku haɗa shi da wani babba ya raka shi.